Ajiya a Rumbun Baba

Inna ta ce ranar da aka haife ni sai da ungozoma ta nemi auduga ta toshe kunnenta. Ban yarda ba, amma ba ni da shaida. Shekarata goma sha shida yanzu. Abin da zan faɗa kuma da daminar bara waccan ya faru, a ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, inda idan ka yi atishawa a gabas za a yi maka sannu daga yamma.

Mu Kirista ne. Kakanninmu Maguzawa ne, a nan suka yi noma, a nan aka binne su. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano. Tagoginsa ramuka ne kawai a jikin bango, don haka duk wa'azin da Fasto ya yi, awakin unguwa ma sun ji shi.

Baba tela ne, kuma dattijo ne a coci, a bencin gaba yake zama. Yana da keken ɗinki baƙi, na ƙafa, wanda ya girme ni, kuma ina da tabbacin ya fi ni daraja a gidan, don ni ba a taɓa shafa mini mai kowace safiya ba. Da yana da rumfa a Gwarzo. Masu kawo masa ɗinki yawancinsu baƙi ne daga kudu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu kantin magani. Siket yake ɗinka wa matansu, da kayan makaranta, da rigunan mawaƙan coci. Da aka fara maganar Shari'a sai jita-jita ta yi yawa, kowa ya dawo daga birni da nasa labarin. A ƙauyenmu babu wanda ya taɓa mu. Malam maƙwabcinmu, mai koyarwa a Islamiyya, da kansa ya leƙo ta kan katanga ya ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Amma baƙin nan ba su da maƙwabci irin Malam, ko kuma suna da shi ba su tsaya sun ji ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaure kaya suka tafi ganin gida, ganin gidan da har yau ba a gama ba. Baba ya saki rumfar ya dawo da keken zaure.

Ga shi a shekarar da ta gabata taki ya yi tsadar da sai dai a gaishe shi daga nesa. Geron da muka girbe ko jakin aro bai gaji da ɗaukarsa ba.

Duk wannan Baba bai taɓa cewa komai ba. Kowace safiya yakan tara mu addu'a a tsakar gida, kuma addu'arsa ba ta canzawa. Sai ya gode wa Ubangiji, ya roƙa wa shugabanni, ya roƙa wa marasa lafiya, sannan ya sauke murya ya ce, "Ka rufa mana asiri." A wurin Baba rufin asiri ba arziki ba ne. Ka ci ko kada ka ci, muddin maƙwabci bai sani ba, to addu'a ta karɓu.

A gidanmu, kamar sauran gidajen, mace ba ta leƙa rumbun maigida, yaro ma haka. Baba kaɗai yake jingina tsani ya hau, ya ɗaga murfin ciyawa, ya shiga, ya fito da abin da za a ci ya miƙa wa Inna. Yakan yi wannan da natsuwa kamar mai buɗe banki. Abin da na lura kawai shi ne a can baya da dami yake fitowa, yanzu kuma sai ɗan tsaba a ƙullin tsumma. Rediyonsa ta ɓace, ya ce tana wurin gyara. Babbar rigarsa ta Kirsimeti ma ta ɓace, ban san ko ita ma gyaran ta tafi ba. Sai ka same shi a zaure yana taka keken babu zare babu yadi, idonsa a bakin ƙofa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idan aka kawo abinci sai ya ce ya ci a waje.

Kazar Inna ce ta tona maganar. Ta ɗauki ɗabi'ar hawa kan murfin rumbu ta yi ƙwai a cikin ciyawa, ni kuma na ɗauki ɗabi'ar tunanin ƙwan nan dare da rana. Wata Litinin Baba ya tafi gona, Inna ta tafi rijiya, na jingina tsani na hau. Na miƙa hannu, murfin ya goce, ni da ƙwai biyu muka faɗa cikin rumbun tare.

Na yi zaton zan faɗa kan hatsi. A kan daɓe na faɗa. Da idona ya saba da duhun na duba ko'ina. Babu dami, babu zangarniya, babu ko ƙaiƙayi na kirki. Wani ɓera ne kawai a gefe, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Bai gudu ba. Kallona yake kamar zai tambaye ni ko na zo da wani abu.

Ban iya fita ba, don bakin rumbun ya fi ƙarfin tsallena. Ina nan zaune ƙwai na bin gashina har na ji Inna ta sauke tulu. Na kira ta a hankali. Ta hau tsanin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta leƙo. Ta dube ni, amma ba ta dubi cikin rumbun ba, ko kaɗan. A nan na gane ta daɗe da sani. Ta kwance ɗankwalinta ta haɗa da igiyar guga ta jawo ni.

"Me kika gani?" in ji ta.

"Inna, babu komai a…"

"To. Ba ki ga komai ba. Haka za ki faɗa wa duk wanda ya tambaye ki, kin ga ba ki yi ƙarya ba."

"Amma tsabar da yake fitowa da ita fa?"

"Da asuba yake sakawa, da hantsi ya fito da ita. Je ki wanke kanki, kina warin ƙwai."

Washegari kuma na kai wa Baba ruwa zaure na tarar da wani dillali daga Gwarzo yana shafa keken, yana ƙwanƙwasa shi da farce kamar mai zaɓen kankana. Na ji Baba ya ce, "Ranar kasuwa ta sama zan kawo shi." Na ajiye ruwan na fita. Ko ni da ba a yaba wa hankalina na san abin da wannan yake nufi. Kuɗin keke zai ciyar da mu 'yan makonni. Bayan nan Baba ba tela ba ne, mutum ne mai almakashi.

Kwana biyu na riƙe maganar a cikina. Ban taɓa riƙe wani abu haka ba, har cikina ya fara ƙugi da ita, ko da yake wataƙila yunwa ce.

Ranar Laraba bayan la'asar muke taron addu'a. Fasto yakan tambaya ko akwai mai buƙata. Wanda zai iya faɗa sai ya tashi ya faɗa. Wanda kunya ta hana sai ya ɗaga hannu kawai ya ce, "Buƙata ta ɓoye." A daminar nan kusan kowa buƙatarsa ta ɓoye ce, hannuwa sama kamar ana zaɓe. Baba kaɗai bai taɓa ɗagawa ba. Yana gaba, ya miƙe wuya, hannuwansa a kan gwiwa.

A ranar Fasto ya ce lokaci ya yi da matasa za su koyi jagorancin addu'a. Ya duba bencin baya. Duk 'yan matan suka sunkuyar da kai, ni kuma ina cikin yi wa ta kusa da ni raɗa, sai idonsa ya tsaya a kaina.

"Ke da bakinki ya riga ya buɗe, rufe mana taro."

Gaskiya ban ji tsoro ba. A bakin rijiya ni ce gwanar kwaikwayon addu'ar dattawa, har da tarin da suke yi a tsakiya. Na miƙe, na rufe ido, na kumbura murya. Na kira Ubangiji da sunaye masu nauyi har guda bakwai. Na ji ana "Amin" da ƙarfi, kaina ya ƙara girma. Na roƙa wa gwamnati, na roƙa wa matafiya, na roƙi ruwan sama daidai misali, kada ya yi yawa ya rusa katanga. Sai na zo kan masu buƙata ta ɓoye.

A nan muryar dattawan da na ara ta gudu ta bar ni da tawa. Ban shirya ba. Da na rufe ido sai na ga daɓen nan, na ga hannun dillali a kan keken, na ga wuyan rigar Baba. Sai komai ya fito daga bakina.

"Ya Ubangiji," na ce, "akwai kuma waɗanda ko hannun ba sa ɗagawa. Ka san rumbunmu. Wanda ke bayan ɗakin Inna, kusa da zogale, ba na hagu da ya rushe ba. Ka leƙa da kanka, ba sai ka ji daga bakina ba. Babu komai a ciki sai ɓera ɗaya, shi ma yana neman taimako. Kada ka bari a sayar da keken Baba ranar kasuwa. In an sayar ban san abin da zai riƙa takawa ba. Kai ka ce mu roƙa, to ga shi na roƙa. A cikin sunan Yesu."

"Amin" ɗin da ya biyo baya ko kaza ba zai kora ba. Cocin ya yi tsit, har ina jin akuya tana tuƙa a bayan taga.

Sai Gwaggo ta yi magana. Gwaggo ƙanwar kakana ce, ita ta goyi Baba yana jariri, kuma kunnenta ya daɗe da yin ritaya. Da yake ba ta jin kanta, duk maganarta shela ce.

"Me yarinyar ta ce? Na ga kowa ya yi fuskar jana'iza."

Matar da ke kusa da ita ta raɗa mata.

"Ɗaga murya, ba na ji."

"Ta ce rumbunsu babu komai," in ji matar, da ƙarfin da ya isa har garin Getso.

Ban buɗe ido ba sai da na ji mutane suna fita. Na so a ce ƙasa ta tsage, amma daɓen cocinmu mai kyau ne.

Baba bai doke ni ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya daina yi mini magana ne kawai, ina tsaye a gabansa sai ya ce wa Inna, "Ki gaya wa 'yarki ta kawo mini ruwa." Da safe a wurin addu'a ya gode, ya roƙa wa shugabanni da marasa lafiya, da ya zo inda ya saba sauke murya sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce amin. Shirun nan ya fi bulala zafi.

Da hantsin Alhamis Fasto ya yi sallama, da ɗan buhu a bayan kekensa na hawa. Suka gaisa da Baba, gida, iyali, damina, gajiya, har suka ƙare suka sake daga farko.

"Dattijo, wata alfarma na zo nema," in ji Fasto, yana kallon ƙasa. "Gara ta shiga rumbuna. Na ce ko za ka taimaka ka ajiye mini ɗan geron nan a naka."

Na san rumbun Fasto. Garar da za ta shiga cikinsa sai ta zo da guduma. Baba ma ya sani. Ya daɗe yana kallon buhun.

"Ajiya ce?"

"Ajiya ce."

"To, na karɓa."

Kafin Asabar wata irin annoba ta faɗa wa rumbunan ƙauyenmu. Na wannan yana yoyo. Na wancan ya tsage. Wata gwauruwa da kowa ya san ba ta da rumbu ma ta zo da 'yar ƙwarya ta ce nata ya cika. Ba masu hali ba ne, su ma ganye suke haɗawa da ɗan hatsinsu, kowa ɗan abin da ya iya ne ya kawo ajiya. Gwaggo ta kawo ƙullin dawa. Har Malam ya shigo da dami guda a kafaɗa.

"Ɓeraye sun dame ni, maƙwabci."

"Malam, kai ma ka ji ke nan," in ji Baba.

"Ni? Me zan ji? Ina dai wucewa ta bayan ɗakin ibadarku ranar Laraba, kuma ka san tagoginku." Ya gyara tsayuwa. "An ce naka ɓeran ɗaya ne, kuma ba shi da ƙarfi. Shi ya sa na ga nan ya fi aminci."

Na toshe bakina da zani a bayan ƙofa. Baba bai yi dariya ba. Ya shiga zaure ya kwaso ƙyallayen da suka rage daga ɗinki, ya ɗaura wa kowace ajiya nata launi don kada su cakuɗe. Fasto shuɗi, Malam fari, Gwaggo ja. Ya hau da su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da murfi, ya ɗauke tsanin ya kai ɗakinsa.

Na yi ta tsalle a raina. Na ce ashe haka addu'a take da sauri, ni da na sani da tun bara na roƙi sabon takalmi. Na zauna jiran tuwo.

Tuwo bai zo ba. Ranar Asabar kwaɗon zogale muka ci. Lahadi tafasa. Litinin rama. Na ci ganye har awaki suka fara harara ta a hanya. Ƙanena ya ce idan ya yi gyatsa yana jin ƙanshin gona. Ga rumbu da hatsi a bayan ɗaki, ga mu a gabansa muna kiwo.

Ranar Litinin da yamma Inna ta gaji. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye masa kwanon ramar ta zauna a gefe.

"Maigida, hatsin nan fa, ka san abin da suke nufi."

"Sun ce ajiya."

"Sun faɗa ne don kada ka ji kunya."

"Na tambayi Fasto, ya ce ajiya ce. Na ce na karɓa. In na taɓa na ci amana. In kuma na ce ba ajiya ba ce, na mai da Fasto maƙaryaci, da Malam, da Gwaggo. Wanne kike so in zaɓa?"

"Ina so yaran nan su ci tuwo."

"Za su ci. Jibi kasuwa."

Ya tashi ya shiga zaure. Na bi shi da ido ta kafar asabari. Ya kwance kan keken daga teburinsa, ya goge shi, ya ɗiga masa mai a kowace gaɓa, ya naɗe shi da buhu ya ɗaure. Sannan ya durƙusa a gefensa ya kifa goshi a kan teburin da babu komai. Bakinsa yana motsi. Na daɗe ina ganin Baba yana addu'a a gabanmu, a tsaye, da murya mai kyau. Ban taɓa ganin wannan ba. Na janye a hankali, kuma wannan karon ban gaya wa kowa abin da na gani ba, sai yanzu.

Amma sauran maganar na kai ta inda ya kamata. Da safe na tafi gidan Gwaggo. Matsalar ita ce ba a yin sirri da Gwaggo. Na ja ta har bayan gari, tsakiyar gonar dawa, na duba gabas da yamma, sannan na sa baki a kunnenta na kwarara.

"Bai taɓa hatsin ba. Ya ce amana ce."

"Ya ce me?"

"Amana."

Wani mai noma can nesa ya ɗago kai ya ce, "Wallahi na faɗa, na san halinsa."

Gwaggo ta taɓe baki. "Tun yana goye haka yake. In ya kafe sai dai a sauke shi a ɗauki zanin. Je ki gida, 'yar nema."

Ranar kasuwa da sassafe Baba ya fito da ƙunshin keken ya ajiye a tsakar gida, ya juya ɗauko igiyar da zai ɗaure shi a bayan keken hawa. Kafin ya dawo Gwaggo ta shigo da sandarta, babu ko sallama, ta nemi wurin zama, ta zauna daram a kan ƙunshin.

Baba ya durƙusa ya gaishe ta. "Gwaggo, ga tabarma. Wannan keke ne."

"Na ji, da tauri. Ajiyata na zo karɓa."

"Yanzu? Ina sauri ne, ana jirana a bakin titi."

"Da na kawo ka ce mini akwai ranar da ba a karɓa?"

Babu yadda za a yi mutum ya ce wa wadda ta goye shi ta tashi. Baba ya ɗauko tsani ya hau ya sauko da ƙulli mai jan ƙyalle. Gwaggo ta kwance, ta zuba dawar a faifai, ta shiga dubawa ƙwaya ƙwaya kamar mai neman allura.

"Ba a taɓa ba," in ji Baba.

"Na gani. Kai dai ba ka da amfani." Ta juya wurin Inna. "Turmina ya tsage. Ara mini naki. Ke kuma, mai addu'a, ɗauki taɓarya."

Na surfa, Inna ta sheƙe ta wanke, muka daka. Gwaggo tana zaune a kan keken tana ba da umarni. Da gari ya samu sai ta ce itacenta ya jiƙe, a ara mata murhu. Tukunyarta kuma wai wata ta ara ba ta dawo da ita ba. Kukarta ta ƙare, a ranta mata. Rana tana ta hawa. Baba ya zauna, ya tashi, ya dubi inuwa, ya sake zama.

"Gwaggo, ko za ki ɗan matsa in…"

"Ƙafata ta yi sanyi. In na tashi yanzu faɗuwa zan yi, ka ɗauki alhakina."

Ƙanshin tuwon da ya tashi sai da na ji jiri. Inna ta kwashe a babban akushi, ta zuba miya, ta kai gaban Gwaggo. Gwaggo ta wanke hannu, ta janyo akushin, ta dube shi. Sai ta dafa goshi.

"Kai, tsufa. Yau Laraba ko? Ai azumi nake yi."

"Gwaggo, na ga goro a bakinki," in ji ƙanena.

"Na jiya ne. Rufe mini baki." Ta tura akushin gaban Baba da ƙafar sandarta. "To ga shi. Dawata ce, na karɓi abata a gaban shaidu, amanarka ta fita. Tuwona ne, ba na ci. Ko ka ci ko in zuba wa awakin Malam, ka tashi ranar Lahadi ka gaya wa jama'a dattijo ya sa an zubar da abinci a wannan shekara."

Baba ya dubi tuwon. Ya dubi Inna, ta kau da kai. Ya dubi ƙanena, wanda idonsa ya riga ya cinye rabi.

"Ba haka na roƙa ba, Gwaggo," ya ce a hankali.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba haka ya roƙa ba," na faɗa da ƙarfi.

"To da ka roƙa, kai ne za ka tsara masa yadda zai aiko? Kana jira ya huda rumbu ta ƙasa ya zuba, don kada kowa ya gani? Mu ya samu a kusa, mu ya aiko. In ba mu yi maka ba, ka koma ka ce masa ya sake wasu."

Baba ya cire hularsa. Muka rufe ido. Na jira dogon jerin shugabanni da marasa lafiya, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ubangiji, mun gani. Mun gode." Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe, ya rufe da tari.

Ya gutsura, ya kai baki. Inna ta raba mana namu. Ban san ko an taɓa yin tuwo irin wannan a ƙasar Kano ba. Na ci har sai da numfashi ya zama aiki.

Muna cikin ci Gwaggo ta sanar, da muryar da ta tabbatar an ji a gidan Malam, cewa ta ji Fasto ma yana son karɓar ajiyarsa gobe, kuma an ce turminsu su ma ya tsage. Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Turame ba su da ƙarko bana."

Gero na fari saura mako uku ya nuna. Baƙin da suka tafi ba su dawo ba, kuma babu wanda ya san ko zauren zai sake ganin yadi. Baba ya wanke hannu, ya dubi inuwar katanga, wadda ta nuna azahar ta kusa. Dillali yana can wurin mai shayi a bakin titi tun safe.

Sai Baba ya juyo ya dube ni, ni kaina, ba ta hannun Inna ba. Kwana bakwai ke nan.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Je ki bakin titi ki ce wa mutumin nan ba yau ba. Kalma uku ce. Kada ki ƙara ko ɗaya."

Na zura takalmi na fita da gudu. Ina jin Gwaggo a bayana tana cewa a zo a ɗaga ta, abin nan ya huda mata ƙugu.

Na sami dillalin yana ta duban hanya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi kalmomi ukun daidai yadda aka ba ni. Ya ce to sai yaushe? Tambaya ce ya yi, kuma rashin ladabi ne babba ya yi tambaya a ƙi ba shi amsa. Mai shayi ya matso da benci, wasu masu jiran mota su ma suka matso. Sai da la'asar na koma gida.